A koya wa malaman kimiyya gwaji da hannu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ba ni fili in yi kira ga ma'aikatun ilimi na jihohinmu. Yaranmu haddar kimiyya suke yi, sai ranar jarrabawar gwajin kimiyya da hannu ta WAEC ido ya raina fata. Malamin ma da alli kawai aka koya masa.

Shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya, da aka fara a 2006 a Kaduna, Neja da Filato da tallafin Japan, ya koya wa malamai haɗa kayan gwaji da abin da ke kusa. Batir, waya da ƙwan tocila sun isa darasin lantarki. Zoɓo ma, a ɗiga masa ruwan kanwa, launinsa ya sauya a gaban yara.

A riƙa ba da horon nan duk hutu, masu duba makarantu kuma su bi malamai har aji.

Naka,
Wani mahaifi, Zariya