Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ƙaramin Ministan Iskar Gas Kan Ƙona Gas A Rijiyoyin Mai

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto maka ne daga Bauchi, inda aka ƙaddamar da haƙar man Kolmani a kan iyakarmu da Gombe a watan Nuwamban 2022. Fargabata ita ce kada wutar da ta haura shekara sittin tana ci a yankin Neja Delta ta biyo mu nan.

Ɗanyen mai ba ya fitowa shi kaɗai, tare yake tasowa da iskar gas. Tara wannan gas yana buƙatar bututu da injinan matse shi da kasuwar da za a kai shi, alhali cinna masa wuta a bakin rijiya kusan kyauta ne, shi ya sa kamfanoni suka daɗe suna zaɓar mai arha. A nan babban tushen hayaƙin yake. Wata doka da aka kafa a 1979 ta sanya watan Janairun 1984 a matsayin wa'adin daina ƙonawa, amma ta bar wa minista ƙofar ba da izini a biya tara, kuma ta wannan ƙofa kowa ya bi. A 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke hukunci, a ƙarar mutanen garin Iwherekan na jihar Delta, cewa ƙona gas tauye haƙƙin rayuwa ne. Wutar ba ta mutu ba. Ko ƙa'idojin 2018, da suka ɗaga tarar manyan kamfanoni zuwa dala 2 kan kowace ƙafa kiyubik dubu (ma'aunin yawan gas) da suka ƙona, ba su tsorata kowa ba tun da kamfani ne ke faɗin adadin da ya ƙona da bakinsa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ido ba ya gani. Idan harshen wutar bai cinye gas ɗin duka ba, ko tsofaffin bututu suka yi yoyo, iskar methane ce ke tserewa, kuma cikin shekara 20 tana ɗumama duniya fiye da iskar carbon dioxide sau 80. Ga kuma injinan da ke ba rijiyoyin lantarki, waɗanda ke hayaƙi dare da rana.

Najeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Glasgow a 2021 cewa nan da 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda ake iya kawarwa daga sararin sama ba, yayin da iyayenmu mata ke girki da itace, dazuzzukanmu na ƙarewa, gas ɗin da zai fisshe su kuma yana tashi a banza.

Roƙona, ranka ya daɗe, shi ne hukuma ta kafa na'urorin awo nata a kowace rijiya, a riƙa bayyana wa jama'a sakamakon. Sannan kada a bari ganga ɗaya ta fita daga Kolmani sai an nuna a rubuce inda gas ɗinta zai tafi, ko tashar lantarki, ko masana'antar taki, ko haɗewa da bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano.

Naka cikin girmamawa,
Wani ɗan ƙasa daga Bauchi