Wasiƙa daga Kano: Birni ɗaya, ƙananan hukumomi takwas

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka tambaye ni ko hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 zai gyara mana ƙananan hukumomi. Zai taimaka, amma a birni irin Kano ba zai wadatar ba.

Kotu ta ce kason ƙananan hukumomi 774, wato kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, a riƙa tura musu kai tsaye ba ta asusun haɗin gwiwa da jiha ba, kuma gwamna ba shi da hurumin rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Madalla. Sai dai albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya kan lashe kaso mai tsoka tun kafin a zo kan aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka yanka birnin nan gida takwas: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Ruwan Jakara kuwa bai san iyaka ba, daga cikin gari yake fitowa ya ratsa Fagge ya wuce. Idan ƙaramar hukuma ɗaya ta yashe nata ɓangaren, ta sama da ita ba ta yi ba, ruwan farko na damina zai kwaso leda da robobi ya toshe kwalbatin, ya shiga shagunan mutane. Ga shi kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kwashe shara, kula da kasuwanni, tashoshin mota, mayanka da maƙabartu, har da sa wa tituna suna da gidaje lamba, amma a aikace shara tana hannun REMASAB, hukumar kwashe shara ta jiha, izinin gini yana hannun KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha. Talaka bai san ƙofar da zai buga ba.

A ganina majalisar jiha ta yi dokar da za ta haɗa takwas ɗin a kwamiti ɗaya, kowace ta riƙa zuba wani kaso ƙayyadadde duk wata. Kada a jibga masa ayyuka. Magudanan ruwa, a gama yashe su kafin watan Mayu, a kuma kwashe dattin a ranar, don in aka tara shi a bakin kwata can zai koma. Sai shara. Sai rajistar gidaje da shaguna, unguwa-unguwa, tare da masu unguwanni, domin su suka san gidan kowa. Ba rajista, ba harajin gine-gine, kuma shi ne kuɗin da birni zai tsaya da ƙafarsa a kai.

Inda haraji ke lalacewa sananne ne: rasit na takarda a hannun 'yan kamasho, da karɓa biyu a kan shago ɗaya, na jiha daban, na ƙaramar hukuma daban. A mayar da biya ta banki ko POS zuwa asusu guda, a kuma liƙa kasafin kowace mazaɓa inda jama'a za su karanta.

Zaɓe ma sai an duba. A Oktoban 2024 jam'iyya ɗaya ta lashe kujerun ciyamomi 44 duka a Kano, kuma haka ake gani a yawancin jihohi. Kansilan da ya san ba ƙuri'ar unguwa ce ta kai shi ba, da wuya ya tsaya kan kwatar unguwa.

Ka rubuto min yadda majalisar garin da kake take karɓar harajin gidaje. A gaida Hajiya da yara.

Naka amini,
daga Kano