A Daina Zubar da Ɓaraguzan Tsofaffin Tayil

Ya Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon a ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana Hausawa mazauna Makka da Madina da Jidda, musamman masu aikin gini da 'ya'yanmu da ke karatun kimiyyar sinadarai, a kan tsofaffin tayil masu rufin gilashi. Duk wanda ya tsaya kusa da bangon alƙibla a Masallacin Annabi (SAW), a sashen da aka sake ginawa zamanin Sarkin Usmaniyya Abdulmajid tsakanin 1849 da 1861, ya ga yadda launin irin wannan tayil bai dushe ba. Dalilin haka yana cikin rufin nan da kaurinsa bai kai na farce ba, kuma masana sun daɗe suna bincikensa.

Asalin rufin gilashi ne da aka narkar a jikin tayil. Tun ƙarni na 9 maginan tukwane na Iraƙi suka gano cewa idan aka sa kuza a cikin haɗin, rufin yakan fito fari fat ya ɓoye launin yumɓu. Su ne kuma suka ƙware a wata dabara mai wuyar gaske: a yi zane da haɗin azurfa da tagulla a kan tayil da aka riga aka gasa, a mayar da shi tanderu, a toshe iska hayaƙi ya turnuƙe, sai ƙarfen ya shige cikin gilashin ya riƙa walƙiya kamar zinariya. Irin waɗannan ne ke kewaye da mihirabin Babban Masallacin Ƙairawan a Tunisiya tun wajen shekarar 862. Da aka duba su a yau da madubin lantarki mai ƙara girman abu, an tarar walƙiyar tana fitowa ne daga ƙwayoyin ƙarfe ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani.

A shekarar 1301 Abul Ƙasim, ɗan gidan maginan tukwane a birnin Kashan na Iran, ya rubuta yadda ake haɗin jikin tayil: kashi 10 na niƙaƙƙen farin dutse, kashi 1 na garin gilashi, kashi 1 na farin yumɓu, gilashin kuwa daga niƙaƙƙen dutse da tokar tsirran ƙasa mai gishiri. Abin burgewa a ganina shi ne gwajin zamani ya gaskata shi. Da irin wannan gwaji ne aka tabbatar cewa shuɗin tayil ɗin Iznik na Turkiyya daga wani ƙarfe mai suna kobal yake, jan nan mai tudu da ya bayyana a tsakiyar ƙarni na 16 kuwa daga ƙasa mai yawan baƙin ƙarfe. Yanzu ma akwai na'urar hannu mai haska X-ray da ke faɗin sinadaran tayil yana nan a bangonsa, ba a kankare komai ba.

Sai dai na'urar hannu sama-sama take gani. Wanda ke son sanin kaurin rufin, da yadda ya kama jikin tayil, da zafin da aka gasa shi, dole ya duba gefen da ya karye, kuma babu mai fasa lafiyayyen tayil don bincike. A nan ɓaraguzai suke da daraja. Na ga an kwashe irinsu daga wani tsohon gida da ake gyarawa, masu shuɗi da kore, gefensu fari tas kamar sukari, aka loda su a mota tare da siminti da tarkacen bulo. Hannun 'yan'uwanmu leburori ne ya loda su, ba da mugunta ba, don babu wanda ya taɓa gaya musu amfaninsu.

Saboda haka ina roƙon magina da 'yan kwangilarmu, idan suka ci karo da irin wannan, su sanar da mai gida, a keɓe shi a rubuta ɗakin da bangon da ya fito, kada a goge shi da ruwan asid, sannan a sanar da Hukumar Kayan Tarihi ta Saudiyya. Ɗalibanmu na Jami'ar Ɗaiba da Jami'ar Sarki Abdul'aziz kuwa, su tuntuɓi malamansu ko za a amince musu su ɗauki wannan fanni a binciken kammala digiri.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Madina, Saudiyya