Ƙananan hukumomi su daina ɓoye takardun kwangila

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Afrilun 2025, cewa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta shafi dukkan matakan gwamnati, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Dokar ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙata. Amma wani ƙaramin kamfanin gine-gine a garinmu ya nemi ganin takardun kwangilar rumfunan kasuwa, ya shafe wata huɗu yana zarya a sakatariya, kullum sai a ce fayil na teburin ciyaman. Yanzu magana tana kotu, kuma da kuɗin talakawa ake biyan lauyan ƙaramar hukumar.

Ina ba da shawara kowace ƙaramar hukuma ta naɗa jami'in bayanai, ta riƙa manna jerin kwangiloli da kuɗinsu a allon sanarwa duk wata.

Naku,
Mai karatu daga Zariya