Yaya, A Kai Inna Dala

Manchesta, Ingila

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya mai jiki? Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ne.

Tun da na kalli bidiyon Inna da ka turo, bayan faɗuwar da ta yi a banɗaki, hankalina bai kwanta ba. Ka sake duban ƙafar Inna ta hagu da kyau. Ta fi ta dama gajarta, tafin kuma ya kwanta ta waje. Ga shi ka ce ba ta iya taka ta, ko juya ta aka yi sai ta yi ƙara. Yaya, wannan ya wuce targaɗe. A gidan tsofaffin da nake aiki, in muka ga haka bayan faɗuwa ko ɗaga mutum ba ma yi, motar asibiti muke kira, don galibi ƙashin cinya ne ya karye can sama, inda yake shiga ƙugu.

Na san Kawu zai ce a kira mai ɗori. Ban raina su ba, ai mai ɗori ne ya gyara hannunka muna yara, ga shi har noma kake yi da shi. Amma wannan ƙashin yana can cikin tsoka, babu karan da zai riƙe shi. In kuwa a wuyansa ya karye, jijiyoyin da ke kai wa kan ƙashin jini sukan tsinke, sai ya mutu a ciki. Ja da murza ƙara ɓata shi za su yi.

A nan ranar da aka kwantar da tsoho, ko washegari, ake ƙoƙarin yi masa aiki, a sa ƙarfe ko a canja kan ƙashin. Kwana ɗaya bayan aikin sai ka ga ana tsayar da shi yana raki. Doguwar kwanciya suke gudu: gyambon baya, ciwon huhu, gudan jini a ƙafa. Su ne ke kayar da tsofaffi.

Don Allah gobe da sassafe a kai ta Asibitin Ƙashi na Dala a ɗauki hoto. A nemi motar da Inna za ta kwanta sosai a ciki, ban da A Daidaita Sahu. Na tura kuɗi ta asusunka, in likita ya yanke na aiki ka faɗa mini ko nawa ne, kada ka ji nauyi.

Kuma kada a yi ta yi wa yarinyar nan faɗa don ta bar ruwa a banɗaki. Mace in ta daina al'ada ƙashinta raguwar ƙwari yake yi, ɗan santsi ya isa. Kafin Inna ta dawo a sa mata kujerar wanka, a kafa ƙarfen da za ta riƙa dafawa a bango.

Ka ba ni Kawu a waya bayan isha'i, ni zan lallaɓa shi. A gaida Yaya Babba da yara.

Ƙanwarka