Ba daɗi ne ke riƙe mai shan tramol ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina neman ɗan fili a jaridarku domin in gyara wata magana da iyaye ke yawan yi a nan Tawa idan aka zo zancen matasan da suka faɗa shan tramol, wai daɗi ne ya riƙe yaron, kuma da ya ga dama da tuni ya bari. A ƙwaƙwalwar ɗan Adam, kwaɗayin abu da jin daɗinsa ba hanya ɗaya suke bi ba.

A shekarar 1989, lokacin da yawancin masana ke ɗaukar sinadarin dofamin, wanda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi, a matsayin tushen jin daɗi, Kent Berridge na Jami'ar Mishigan a Amurka da abokan aikinsa sun lalata jijiyoyin da ke samar da shi a ƙwaƙwalwar ɓeraye. Ɓerayen suka daina neman abinci ko da an tara shi a gabansu, sai dai a yi musu ɗura, amma da aka ɗiga musu ruwan sukari a baki sai suka riƙa lasar leɓe kamar lafiyayyu. Zaƙin yana nan, abin da ya mutu shi ne ƙarfin tashi a nema. Daɗin ɗanɗano kuwa yana fitowa ne daga wasu 'yan ƙananan wurare da ke aiki da sinadarai dangin mofin (maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi) waɗanda jiki ke haɗawa da kansa, kuma ta wannan ƙofa tramol ke shiga.

A 1993 Berridge da abokin aikinsa Terry Robinson suka bayyana cewa yawan shan ƙwaya yana ƙara wa hanyar kwaɗayi kaifi, alhali daɗin da ake samu yana tsayawa ko ya ragu saboda jiki ya saba. Shi ya sa za ka ga ɗan kabu-kabu yana ƙara ƙwaya a kan ƙwaya, ga tashin zuciya, ga taurin bayan gida, an ajiye masa dambu ko fura ya kawar da kai, amma gari na wayewa ya nufi mai tallar magani. Likita kan ba da miligiram 50 ko 100, ba ya wuce 400 a yini, alhali ta bakin hanya ƙwaya ɗaya takan kai 225, kuma yawanta na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya.

Akwai kuma abin da wani masanin ƙwaƙwalwa, Wolfram Schultz, ya gano a jikin birai: idan wata alama ta saba zuwa kafin lada, dofamin kan tashi tun daga ganin alamar. Ke nan fadar da aka saba zama, da butar shayin da ake jefa ƙwayar, da fuskar abokin sha, duk suna iya tayar da kwaɗayi ko bayan watanni da bari.

Kamun da OCRTIS, hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi ta Nijar, ke yi yana da amfani, sai dai ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu. Ina roƙon iyaye su kai yaro wurin likita a rage masa a hankali, domin yankewa farat ɗaya tana zuwa da zufa, da ciwon jiki, da rashin barci, kuma su sauya masa wurin zama da abokan hira. Ma'aikatar lafiya kuma ta horar da ma'aikatan asibitocin jihohi a kan wannan jinya, kada ta zama sai an je Yamai.

Naku,
Wani malamin makaranta, Tawa