Wasiƙa ga Iyaye: Darasin Lantarkin Gogayya a Wannan Hunturun

Assalamu alaikum iyayenmu masu girma, barkanmu da sanyin Jos.

A makon jiya iyaye biyu sun zo ofis da ƙorafi iri ɗaya: yara sun cika ɗaki da yagaggun takardu, suna ta goga biro a kai kamar masu susa. Ku yi haƙuri, mu muka sa su. Aikin gida ne na 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, don su ga yadda biron da aka goga ke jan yagaggun takardun.

Ga abin da suke koyo. Duk wani abu da muke taɓawa yana ɗauke da wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, ana ce musu elektiron. Idan aka goga abubuwa biyu da lantarki ba ya ratsa su, kamar roba da gashi, sai ƙwayoyin nan su bar ɗaya su koma ɗayan. Wanda ya karɓa ya samu caji mai alamar debewa, wanda ya rasa kuma mai alamar tarawa. Matajin roba karɓa yake yi daga gashi, gilashi kuwa idan aka goga shi da siliki shi ke rasawa. Masu caji iri ɗaya suna ture juna, mabambanta suna jan juna. Cokalin ƙarfe ba zai yi ba, ko an wuni ana gogawa, domin cajin yana bi ta hannu ya sulale ƙasa.

Abin ba sabo ba ne. Girkawan dā sun lura cewa daskararren ƙaron itace yana jan ƙananan abubuwa idan an goga shi, sunan ƙaron a harshensu shi ne elektiron. A 1600 wani likitan Ingila, William Gilbert, ya rubuta littafi da ya yi bayanin hakan.

Da gangan muka ajiye darasin sai yanzu. Da damina iska na da laima, cajin yakan zurare tun kafin yaro ya kai biron kan takarda. Hunturun Filato kuwa ya busar da komai. Shi ya sa bargo ko suwaita ke yin ƙas-ƙas da tartsatsi cikin dare, har wata kaka ta ce mana ta yi ta addu'a a kai. Addu'a ba ta ɓaci ba, Hajiya, amma ɗan'uwan walƙiya ne ƙarami.

Ku zauna da su ko na minti 10 ne. A goga balan-balan a suwaita a manna a bango. A buɗe famfo siriri a kusanto da matajin da aka goga, za ku ga ruwan ya lanƙwaso. Idan kan yaro ya sha basilin, gara ya yi amfani da busasshen ƙyalle.

Gargaɗi ɗaya: kada a yi wannan kusa da tukunyar gas ko jarkar fetur, tartsatsi kaɗan ya isa ya tada wuta. Kada kuma kowa ya je kusa da soket, wancan lantarkin daban ne, yana kisa.

Kowane ɗalibi ya rubuta abin da ya gani, har da gwajin da ya ƙi yi, ya kawo ranar Litinin.

Mun gode, Allah ya raya mana su.

Shugabar Makaranta